Filin Tambaya da Amsa: Matsalolin Ɗaliban Injiniyancin Sinadarai

Wasiƙun wannan fitowa sun taru ne a kan karatun injiniyancin sinadarai a jami'a. Injiniyoyin da ke kula da wannan fili sun zaɓi guda shida sun amsa.

Assalamu alaikum. Yarona ya sami gurbin karatun injiniyancin sinadarai. Ni dai na ɗauka kemistiri ne aka sauya wa suna. Mene ne bambancinsu, kuma ina ake aiki da shi?
*Wani mahaifi daga Gusau*

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sanya albarka a karatun. Ba abu ɗaya ba ne. Masanin kemistiri yana gano yadda sinadari kaza ke haɗuwa da kaza, a cikin 'yar kwalba a ɗakin gwaji. Injiniyan sinadarai kuwa tambayarsa ita ce: in ana son tan dubu na wannan abu kullum, wace irin tukunya za a ƙera, wane bututu, wane famfo, zafi nawa za a ba shi ko a janye, nawa za a kashe, kuma me zai hana abin fashewa? Saboda haka lissafi da fiziks sun fi kemistiri yawa a karatun. Gara yaron ya san haka tun yanzu, don da yawa suna shigowa da son kemistiri, sai su tarar lissafi ne ke jiransu.

Shekara 5 ake yi. Aji ɗaya na kimiyyar share fage ne. A aji biyu ake fara darussan injiniya na gama-gari da lissafin shiga da fitar kaya. Aji uku da huɗu su ne ƙashin bayan karatun: tamodainamiks (ilimin zafi da makamashi), tafiyar ruwa a bututu, tafiyar zafi, rarrabe sinadarai, da ƙirar tukunyar haɗi. A aji huɗu ake fita masana'anta wata 6, a aji biyar kuma a yi furojet na bincike da na zayyana masana'anta. Wuraren aiki sun haɗa da matatun mai irin ta Kaduna da aka buɗe a 1980, da ta Dangote a Legas mai tace ganga 650,000 a rana, da ta SORAZ kusa da Damagaram, sai kamfanonin siminti na Sakkwato da Ashaka da Obajana, kamfanin sukari na Numan, masana'antun taki, da gidajen tace ruwan sha. Bayan kammalawa da hidimar ƙasa da 'yan shekarun aiki, sai ya nemi rajista da COREN, hukumar da ke ba da izinin amsa sunan injiniya a Najeriya.

Malam, ina aji biyu. Darasin lissafin shiga da fitar kaya ya gagare ni. A lakca ina ganewa, amma da na zauna da tambaya sai in rasa ta inda zan fara, balle in akwai kayan da ake mayarwa baya.
*Wata ɗaliba daga Zariya*

'Yata, wannan darasi shi ne tushen duk abin da zai biyo baya, don haka za mu daɗe a kansa. Wanda ya tsallake shi da ƙyar zai ci gaba da biyan bashinsa har aji biyar.

Ƙa'idar ɗaya ce: abin da ya shiga, a cire abin da ya fita, a ƙara abin da aka samar a ciki, a cire abin da aka cinye, shi ne abin da ya taru. In na'ura ta daidaita tana tafiya ba sauyi, kuma babu haɗuwar sinadarai a ciki, to abin da ya shiga shi ne ya fita, ke nan. Abin da ke kayar da ɗalibai shi ne garajen rubuta lissafi kafin a zana hoto.

Ki fara da zana akwati, ki ja kibiya ga kowane kaya mai shiga da mai fita. A kan kowace kibiya ki rubuta abin da aka ba ki, abin da ba a ba ki ba kuma ki sa masa harafi. Sai ki zaɓi ma'aunin da za ki gina lissafin a kai, misali awa ɗaya ta aiki ko kilo 100 na kayan shiga, ki rubuta shi a saman takarda. Daga nan ki ƙirga haruffan da ba ki sani ba, ki ƙirga jimlolin lissafi masu zaman kansu da za ki iya rubutawa. In sun yi daidai, tambayar za ta warwaru. In haruffan sun fi yawa, akwai bayanin da kika tsallake a cikin tambayar, ko kuma ba a wannan akwati ya kamata ki fara ba.

Ga misali daga kamfanin sukari. Ruwan rake kilo 1,000 a awa, mai sukari kashi 15 cikin ɗari, yana shiga tukunyar ƙafe ruwa, ana son ya fito da sukari kashi 60. Nemi abin da ke shiga ta ƙofa ɗaya ya fita ta ƙofa ɗaya. Sukari ne, tunda ba ya bin tururi. Sukarin da ya shiga kilo 150 ne, kuma shi ne kashi 60 na abin da zai fito, don haka 150 a raba da 0.6, kilo 250 ke nan na ruwa mai kauri. Tururin da ya tashi kilo 750 ne a awa. A nan akwai tarko: za ki iya rubuta lissafin jimillar kaya, da na sukari, da na ruwa, ki ga kamar uku ne. Biyu ne kawai masu zaman kansu, domin na ukun yana fitowa daga sauran biyun. Kaya iri biyu, jimla biyu. Ki ajiye ta ukun don duba amsa: ruwan da ya shiga 850, wanda ya fita 750 da 100, sun yi daidai.

In kika ɗora lissafin zafi a kai za ki ga amfanin abin. Mai da kilo ɗaya na ruwa tururi a digiri 100 yana cin kilojul 2,257. Kilo 750 a awa zai ci kusan kilowat 470, ban da zafin da za a fara ɗumama ruwan da shi. Wannan tsadar ce ta sa kamfanonin sukari ke jera tukwane huɗu ko biyar, tururin ta farko ya dafa ta biyu, ana rage matsi daga tukunya zuwa tukunya don ruwan ya tafasa a ƙaramin zafi.

Batun mayar da kaya baya kuwa, sirrinsa shi ne ki zagaye masana'antar gaba ɗaya da babban layi. Kayan da ke kewayawa suna cikin layin, ba su shiga ba su fita, don haka ba za su bayyana a lissafin farko ba. Ki warware na wajen tukuna, sannan ki shiga ciki ki yanka a mahaɗa, inda sabon kaya ke gamuwa da wanda aka mayar. A masana'antar amoniya, wadda daga ita ake yin takin yuriya, kaɗan ne daga iskar naitirojin da haidirojin ke haɗuwa a zagaye ɗaya, sai a janye amoniyar a mayar da saura. Amma akwai iskar agon da ke shigowa tare da su, ba ta haɗuwa da komai, ba ta da mafita. In aka bar ta sai ta yi ta taruwa har ta cika wurin. Shi ya sa ake buɗe 'yar ƙofa ana zubar da kaɗan daga abin da ke kewayawa. Mu ƙaddara kilomol 0.3 na agon ke shigowa a awa (mol ma'aunin adadin ƙwayoyin sinadari ne, kilomol kuma mol dubu), kuma ba a son ta wuce kashi 5 cikin ɗari a kewayen. Dole abin da ya shigo ya fita ta ƙofar nan: 0.3 a raba da 0.05, kilomol 6 a awa za a riƙa zubarwa. Lissafin layi ɗaya ne, in dai kin san inda za ki yanka.

Abu na ƙarshe: in akwai haɗuwar sinadarai, ki bar kilo ki koma mol, ko ki bi ƙwayar zarra ɗaya ɗaya, kabon daban, haidirojin daban. Nauyi ba ya ɓata, ƙwayar zarra ba ta ɓata, amma adadin mol yana iya ƙaruwa ko raguwa.

A ɗakin gwaji ruwa ya tafasa mana a digiri 96, muka rubuta 100 don kada a ce mun yi kuskure. Ma'aunin zafin ne ya lalace?
*Ɗalibi daga Jos*

Ma'auninku lafiyarsa ƙalau, kuma 96 ɗin ya kamata ku rubuta. Digiri 100 na bakin teku ne, inda matsin iska yake kilofaskal 101.3. Jos tana kan tudu na kimanin mita 1,200, matsin iska bai kai 90 ba, don haka ruwa ke tafasa kusa da 96. A Kano da Zariya kusa da 98 yake tafasa. Kada ka sake gyara abin da ka auna don ya dace da littafi. Rubuta abin da ka gani, sannan ka bayyana dalili, a nan makin rahoto yake.

Tunda an taɓo matsi: agogon da ke jikin tanki yana nuna abin da ya ɗara matsin iskar waje ne. In ya nuna bar 2 (bar ma'aunin matsi ne, kusan daidai da matsin iskar waje), cikakken matsin ya kusa bar 3, kuma cikakken ne ake sawa a dokar iskar gas. Haka zafi, sai an ƙara 273.15 a kan digirin ya koma ma'aunin Kelbin. Wanda ya sa 2 a gurbin 3 ya yi kuskuren kashi ɗaya bisa uku tun kafin ya taɓa kalkuleta.

Ni da abokina mun yi aikin gida ɗaya na raguwar matsi a bututu. Hanyarmu ɗaya, amma amsarsa ta ninka tawa sau huɗu daidai. Waye ya kuskure?
*Ɗalibin aji uku, Bauci*

Da ka ce sau huɗu daidai, an san inda matsalar take. Lambar gogayyar ruwa da bangon bututu iri biyu ce. Akwai ta Darcy, wadda take jikin taswirar Moody da injiniyoyin gini da na kanikanci suka fi amfani da ita, akwai kuma ta Fanning da ta fi yawa a littattafan injiniyan sinadarai. Ta Darcy ta ninka ta Fanning sau huɗu. Ɗayanku ya ɗauko lamba daga wannan taswira ya sa ta a jimlar waccan. Gane su ba wuya: duba layin ruwa mai tafiya a natse a jikin taswirar. In an rubuta 64 bisa lambar Reynolds (lambar da ke nuna ko ruwa a natse yake tafiya ko a hargitse), ta Darcy ce. In 16 ne, ta Fanning ce, kuma jimlarta tana ɗauke da 4 a gaba.

Ku duba lambar Reynolds ɗin ma. Ruwa a bututu mai faɗin santimita 5, yana gudun mita ɗaya a daƙiƙa, yana ba da kusan 50,000: nauyin ruwa 1,000 sau gudu 1 sau faɗi 0.05, a raba da kaurin ruwa 0.001. Ƙasa da 2,100 ruwa a natse yake tafiya, sama da 4,000 a hargitse. In ruwan famfo ya ba ka lamba ƙarama kamar 50, ka sa kaurin ruwa 1 a ma'aunin sentifoyis ba ka mai da shi 0.001 ba. Kuma faɗin cikin bututu ake sawa, ba sunan da ake kiransa da shi a kasuwa ba, don bututun da ake ce wa inci biyu cikinsa ba inci biyu cif ba ne.

A gwajin na'urar musayar zafi, ruwan zafi ya sauka daga 60 zuwa 50, na sanyi ya hau daga 28 zuwa 36.5, kowanne lita 2 a minti. Zafin da ɗaya ya bayar bai yi daidai da wanda ɗayan ya karɓa ba. Me zan rubuta a rahoto?
*Wata ɗaliba daga Minna*

Mu lissafa tare, 'yata. Lita 2 a minti kusan kilo 0.033 ne a daƙiƙa. A ninka da 4.18, wato kilojul ɗin da ke ɗaga zafin kilo ɗaya na ruwa da digiri ɗaya, da kuma digiri 10, ruwan zafi ya ba da kilowat 1.39. Na sanyi, da digiri 8.5, ya karɓi 1.18. Giɓin kusan kashi 15 cikin ɗari ne. Ya ɗan yi yawa, amma ba abin ɓoyewa ba ne.

Wani ɓangare ya tafi iska ta jikin bututun da ba a naɗe ba. Sai dai kafin ki ɗora wa wannan laifin duka, ki duba abu uku. Na farko, ko kun jira na'urar ta daidaita? Ƙarfen jikinta ma yana shan zafi da farko. A riƙa karanta ma'auni duk minti biyu, sai an ga sau uku a jere lamba ba ta motsa ba sannan a rubuta. Na biyu, ma'aunan zafin kansu. In kowanne ya kauce da rabin digiri, bambancin digiri 10 yana iya zama 9 ko 11, kuskuren kashi 10 ke nan daga nan kaɗai. A tsoma su duka huɗun a bokiti ɗaya kafin a fara, a rubuta saɓaninsu a gyara da shi. Na uku, ma'aunin gudun ruwa mai ɗan ƙwallo a cikin gilashi. Tara ruwan a silinda na minti ɗaya da agogo a hannu ya fi abin da gilashin ya nuna gaskiya. Iskar da ta maƙale a bututu ma tana rage wurin da zafi ke ratsawa, a buɗe famfo sosai a kore ta tun farko.

A rahoton ki nuna lambobin biyu, ki faɗi giɓin, ki faɗi wanda kika yi aiki da shi da dalili. In an sa ku gwada tafiyar ruwan biyu gaba da gaba da ta jere, ga abin da ake so ku gani. Ruwan zafi daga 90 zuwa 60, na sanyi daga 30 zuwa 50: in sun fuskanci juna, matsakaicin tazarar zafi na logaridim digiri 34.8 ne, in sun jeru hanya ɗaya 27.9. Ta jere za ta buƙaci faɗin ƙarfe da ya ƙaru da kusan kashi 25 cikin ɗari don yin aiki ɗaya.

Ranka ya daɗe, furojet ɗina na aji biyar yin man dizal ne daga man darbejiya. Sau uku ina haɗawa yana daskarewa kamar sabulu, ba ya rabuwa gida biyu. Lokaci yana ƙure mini.
*Ɗalibi daga Maiduguri*

Ɗana, ba kamar sabulu ba ne, sabulun ne ka yi. Mai da soda su ne kayan da mata ke haɗa sabulu da su a gida, kuma hanyar dizal da ta sabulu maƙwabtan juna ne. Abu biyu ke tura ka ta sabulu: asid ɗin da ke sake a cikin man, da ruwa. Ɗanyen man darbejiya yakan zo da asid mai yawa, musamman in 'ya'yan sun daɗe a ajiye ko sun sha damshi. Da ka zuba fotash ko soda, asid ɗin zai cinye ta ya zama sabulu, ba abin da zai rage ya tura haɗin, sabulun kuma ya riƙe mai da gilisarin ya hana su rabuwa.

Kada ka sake haɗawa sai ka auna asid ɗin. Narkar da giram 1 na man a cikin aisofurofanol, ɗiga finoftalin, sinadarin da ke sauya launi in asid ya ƙare, ka riƙa ɗiga ruwan fotash mai ƙarfin mol 0.1 a lita har ya koma ruwan hoda ya tsaya. Ninka mililitar da ka ɗiga da 0.1 da 56.1, ka raba da nauyin man. In ka ɗiga mililita 3.5, lambar asid 19.6 ce, rabinta kuma shi ne kimanin kason asid ɗin, wajen kashi 10 cikin ɗari. Ana son ya sauka zuwa kashi 1 ko ƙasa kafin fotash ta taɓa man.

Saboda haka aikin hawa biyu ne. Fara da tace man, ka ɗumama shi zuwa digiri 105 ko 110 har ƙwayoyin tururi su daina tashi, ka bar shi ya huce. A hawan farko ka haɗa shi da metanol mai yawa da asid ɗin salfa kimanin kashi 1 cikin ɗari na nauyin man, a digiri 60, ana motsawa awa ɗaya zuwa biyu. Bar shi ya kwanta, ka janye metanol da ruwan da suka taso sama, domin wannan haɗin yana haifar da ruwa, in ka bar shi zai ɓata hawa na biyu. Sake aunawa. In bai sauka ba, maimaita. Yawancin ɗalibai a nan suke gaggawa, kuma a nan aikin ke lalacewa.

A hawa na biyu ana sa mol 6 na metanol ga mol 1 na mai, duk da cewa 3 lissafi ya nema, don rarar ta tura haɗin gaba. Kilo ɗaya na mai kusan mol 1.14 ne, don haka metanol giram 220, wajen mililita 280. Fotash giram 10, wato kashi 1 cikin ɗari. Narkar da ita a cikin metanol ɗin sarai tukuna, sannan ka zuba a man. Riƙe zafi a 60, kada ya haura, domin metanol yana tafasa a 64.7, in ya gudu lissafinka ya tashi. Kwalbar ta kasance da bututun sanyaya tururi a kanta. Bayan awa ɗaya ka juye a mazurarin rabewa ka bar shi ya kwana. Gilisarin mai duhu zai kwanta ƙasa, kimanin kashi ɗaya bisa goma na nauyin man. Wanke na saman da ruwan ɗumi a hankali, kada ka girgiza a wankin farko, har ruwan wankin ya fito garau, sannan ka busar da shi.

Fotash da ta kwana a buɗe ta sha damshin iska, kada ka yi aiki da ita. Kuma kada yawan abin da ka samu ya ruɗe ka, don man da bai juye ba shi ma yana hawa sikeli. Auna kaurinsa a digiri 40: ƙa'idar ingancin irin wannan dizal ta Amurka, ASTM D6751, ta sa shi tsakanin 1.9 da 6.0 a ma'aunin sentistok, ɗanyen mai kuwa yana haura 30. In ka sami 12 ko 15, haɗin bai kammala ba.

Metanol guba ne, yana makantarwa, yana shiga ta numfashi da ta fata, harshen wutarsa kuma da ƙyar ake ganinsa da rana. Yi aikin a akwatin zuƙe hayaƙi, da tabarau da safar hannu, a kan faranti mai zafi na lantarki, ba a kan buɗaɗɗiyar wuta ba. Fara da giram 100 na mai har hanyar ta zauna maka, ka rubuta lambar asid ta kowane zubi a littafin gwajinka ka kai wa malamin da ke duba aikinka kafin ka hau zuwa kilo.